Shawarwari 7 Don Kwantar Da Hankalin Mai Ciwon Daji A Gida

Da zarar likita ya ce ciwon daji ne, tsoro kan riga ciwon kayar da mutum. Magani aikin asibiti ne, amma kwanciyar hankalin majinyaci tana hannunku, mutanen gida. Ga abin da za ku iya yi ba tare da kashe kuɗi mai yawa ba:

1. Ku ci abinci tare da shi. Ba a ɗaukar ciwon daji ta kwano, ko musabaha, ko zama kusa. Ware masa kofi da cokali zai sa ya ga kamar ana ƙyamarsa.

2. Ku sauƙaƙa masa ibada. Musulunci ya yarje wa marar lafiya sallah a zaune ko a kwance, da taimama idan ruwa zai cutar da shi, da ajiye azumi. Ku kunna masa karatun Alƙur'ani a waya. Idan Kirista ne, ku roƙi fasto ko 'yan zumunta su riƙa leƙowa suna addu'a tare da shi.

3. Addu'a da magani su tafi tare. Kada ruƙiya ko jiƙo su sa a tsallake ranar ganin likita a asibiti. Duk sassaƙen da aka kawo, ku nuna wa likita tukuna, domin wasu kan wahalar da hanta da ƙoda.

4. Ku tace bakin 'yan dubiya. Ku ja su gefe tun a ƙofa: ban da labarin wane da ciwon ya kashe, ban da zancen jifa ko sammu. “Sannu, Allah ya ƙara sauƙi” ta wadatar, kuma kada a daɗe.

5. Kada ya yi tafiya shi kaɗai. Idan an tura shi gashi a Asibitin Ƙasa da ke Abuja, hanyar Akwanga da Keffi daga garin Lafiya da nisa ga mai ciwo. Ku tsara wanda zai raka shi kowane zuwa, dangi kuma su haɗa kuɗin mota tun da wuri.

6. Ku saurare shi. Idan ya yi kuka, ku bar shi ya fitar da abin da ke ransa, kada ku ce imaninsa ne ya yi rauni. In ya kai mako 2 ba barci, ba sha'awar komai, ko yana cewa gara ya mutu, ku gaya wa likita nan take. Raɗaɗi ma yana da magani, ku nema masa.

7. Ku hutar da mai jinya. Sau da yawa mace ɗaya ake bar wa wanki, girki da kwana a zaune. Ku yi karɓa-karɓa, domin wanda ya gaji ba ya iya lallashi.

Jama'ar Lafiya, in akwai mai wannan larura a unguwarku, kada ku jira sai an kira ku. Ku je dubiya yau.