Darasin shirin jarrabawa: Labari yana da mai shi

Rani ya yi nisa. Zangon karatu na cibiyoyin yaƙi da jahilci ya kusa ƙarewa, jarrabawa tana tafe. Wannan darasi na bita ne. A karanta shi da ƙarfi cikin aji, sannu-sannu, kowane ɗalibi ya karɓi layi biyu ko uku. Wanda ya gamu da kalma mai wuya, ya rubuta ta cikin littafinsa. Shekarun da aka ambata kuma a kwafe su da kyau, don ana iya tambayarsu.

Sankira da wanda ya aiko shi

A da, in sarki yana da magana, sankira ke zagaya gari da ita. Kowa ya san ba maganar kansa yake faɗi ba. An san wanda ya aiko shi, an san gidan da yake cin tuwo. In ya ce gobe a fito gyaran rijiya, babu mai ruɗewa, an san daga fada ne.

Radiyo da jarida da talabijin su ma sankira ne. Bambancin shi ne, ba a ganin wanda ya aiko su. Don haka mai saurare yana da tambaya biyu. Wa ke da wannan gida? Wa ke biyan ma'aikatansa?

Lokacin da bakin ɗaya ne

An buɗe Radiyo Nijar a Yamai cikin 1958, shekara biyu kafin samun mulkin kai. Cikin 1962 aka kafa ƙungiyoyin sauraren radiyo. Tsofaffi sun tuna da su. Mutane su taru gindin akwati guda, su saurari shiri, su tattauna, mai kula da ƙungiya ya ɗauki maganarsu a na'ura ya aika Yamai. Cikin 1964 aka fara koyar da yara ta talabijin a wasu makarantu. Cikin 1967 aka kafa ma'aikatar ORTN, wadda ta riƙe Muryar Sahel da Tele Sahel. Yanzu ana kiranta RTN. Jaridar gwamnati kuma ta ɗauki sunan Le Sahel cikin 1974.

Duk waɗannan na gwamnati ne, kuɗin baitulmali ke tafiyar da su. Sun yi aiki babba. Ta nan manomi ya ji ranar rigakafin dabbobi, da maganar iri, da kuɗin gyaɗa, cikin Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Barbarci da harshen Buzaye. Amma ba a cika jin laifin mai gida daga bakin baransa ba. Shi ya sa da dare ya yi, mutane kan murɗa akwati su nemi Kaduna, ko Landan, ko Jamus.

To, waɗannan ma suna da masu su. Sashen Hausa na BBC ya fara cikin 1957, kuɗinsa daga Ingila yake fitowa. Muryar Jamus, gwamnatin Jamus ke ba ta kuɗi. RFI ta ƙasar Faransa ce, ta buɗe sashen Hausa cikin 2007, an kuma dakatar da ita a Nijar cikin watan Agusta na 2023. Muryar Amurka ta fara Hausa cikin 1979. Cikin watan Maris na 2025 gwamnatin Amurka ta tsayar da aikin gidan, masu saurare suka murɗa akwati suka ji shiru. Ba a tambaye su ba, domin gidan ba nasu ba ne.

Bakuna sun yi yawa

Cikin 1990 jaridar Haske ta fito a Yamai. Ibrahim Shek Diyof ya kafa ta, ba da kuɗin gwamnati ba. Cikin 1991, shekarar babban taron ƙasa, Maman Abu ya kafa Le Républicain. Radiyo mai zaman kansa na farko, R et M, ya fara cikin 1994. Sai Anfani ta Girema Bukar, wadda ta buɗe tashoshi har Maraɗi da Damagaram da Difa. Daga baya Tenere da Dunia suka zo, kowace da radiyo da talabijin a hannu ɗaya.

Gida mai zaman kansa ba ya cin kuɗin baitulmali. Yana rayuwa da talla, da kuɗin sanarwa ta biki da rasuwa da ɓatan dabba, da lokacin da ƴan siyasa ko masu wa'azi ko masu magani ke saye. Wannan ya ba shi damar faɗin abin da gidan gwamnati ba ya faɗi. Amma shi ma yana da wanda yake jin kunya. Mai maganin da ya sayi rabin awa, ba za a ji an ce maganinsa ba ya aiki ba cikin wannan rabin awa. Ɗalibi ya koyi raba labari da talla, ko da murya ɗaya ce ta karanta su.

Akwai iri na uku, radiyon karkara na jama'a. Na farko an buɗe shi a Bankilare, yammacin ƙasa, cikin 1999, yana aiki da hasken rana. Kwamitin gari ke riƙe da irin wannan radiyo. Muryarsa ba ta zuwa nesa, kuɗinsa kaɗan ne, ma'aikatansa galibi aikin sa kai suke yi. Amma wanda aka yi wa ba daidai ba yana iya hawa jakinsa ya je ya sami mai magana ido da ido.

Hanyoyi sun haɗe cikin salula

Nan ne darasin ya fi wuya, a yi hankali.

A da kowane abu da hanyarsa. Wasiƙa tana bin gidan waya ko direban mota. Murya tana bin radiyo, ko kaset da ɗan ci-rani ya cika a Abijan ko Legas ya aiko wa iyayensa. Hoto yana wurin mai ɗaukar hoto. Kuɗi yana cikin aljihun wanda aka aika. Yau duk sun shiga cikin abu guda da ke tafin hannu. Wannan shi ake kira haɗewar hanyoyin labari.

Yaya aka yi haka? An gano dabarar mai da kowane abu lissafi. Na'ura tana yanka murya ƙanana-ƙanana, ta ba kowane yanki lamba. Haka hoto, haka rubutu. Lambobin kuwa da alama biyu kawai ake rubuta su, 0 da 1. Da zarar sun zama lambobi, hanya ɗaya ta ishe su, kamar yadda mota ɗaya ke ɗaukar gero da albasa da fasinja. Can inda suka sauka, wata na'ura ta mai da su yadda suke. Babbar hanyar da ta haɗa na'urorin duniya ita ce intanet. Shi ya sa gidan radiyo yanzu yake rubutu da nuna hoto a Facebook, jarida kuma take sa murya.

Wa ke da hanyar? Celtel ya fara aiki a Nijar cikin 2001. Mo Ibrahim, haifaffen Sudan, shi ya kafa kamfanin. Wani kamfanin Kuwait ya saye shi cikin 2005, cikin 2008 sunan ya koma Zain. Cikin 2010 wani kamfanin Indiya ya saya, sunan ya koma Airtel. Wanda ya riƙe layinsa tun farko, masu gida uku ya yi bai motsa daga garinsu ba. Orange na Faransa ya shigo cikin 2008, ya sayar cikin 2019, aka sami Zamani. Moov yana hannun wani kamfanin Maroko. Niger Telecom na gwamnati ne, an kafa shi cikin 2016 da aka haɗe Sonitel da SahelCom.

Wannan hanya ce kawai. Dandalin da ake taruwa ana hira cikinta kuma yana da nasa mai shi. Facebook na wani kamfanin Amurka ne da Mark Zuckerberg ya kafa cikin 2004. Kamfanin ya sayi Instagram cikin 2012. Ya sayi WhatsApp cikin 2014 a kan kuɗi wajen dalar Amurka miliyan dubu 19. Tun 2021 sunansa Meta. YouTube na Google ne tun 2006. TikTok kuwa wani kamfanin ƙasar Sin ya ƙirƙiro shi. Ashe bakuna sun yi yawa, amma masu dandali ƴan kaɗan ne, kuma suna nesa.

A wata cibiya, da malami ya kai nan, wani dattijo ya ɗaga hannu.

"Malam, ni ban taɓa biyan Facebook ko dala ba. Da me suke cin abinci?"

"Baba, kai ne hajarsu," in ji malamin. "Suna lura da abin da kake tsayawa kallo. Sai su ce wa mai talla, ga mutum dubu masu son irin kayanka, biya mu nuna musu. In ka daɗe kana kallo, ribarsu ta ƙaru."

Amsar malamin daidai ce. Kuma abin da ke riƙe ido ba kullum ne gaskiya ba. Faɗa da abin tsoro sun fi labarin takin zamani jan mutane.

Amfani da haɗari

Salula ta yi wa mutanen karkara rana. Manomi yana jin kuɗin wake a kasuwar Maraɗi tun bai ɗora buhu bisa amalanke ba. Ta taimaki karatu ma. Cikin 2009 da 2010, a jihohin Doso da Damagaram, an gwada koya wa ɗaliban wasu cibiyoyi rubuta saƙo a salula. Da aka yi jarrabawa, sun fi sauran cibiyoyi maki a rubutu da lissafi. Dalili a fili yake: wanda ke rubuta wa ɗansa saƙo kowane mako, haruffa ba sa kuɓuce masa da damina.

Amma hanya ɗaya, in ta toshe, kome ya tsaya. Bayan zaɓen watan Fabrairu na 2021 an yanke intanet ta salula a Nijar wajen kwana goma. Hira da ciniki da gaisuwa duk suka tsaya tare. Akwatin radiyo mai duwatsu shi ya ci gaba da magana.

Sai maganar saƙon murya. Wannan ya fi kome yaɗuwa a ƙauye, don ba ya bukatar karatu. Mutum ya ji wata murya tana cewa an ga kaza a gari kaza, kowa ya tura wa goma. Babu suna, babu rana, babu gari. Wannan sankira ne da ba a san wanda ya aiko shi ba. An ce gani ya kori ji, amma yau ana ɗauko tsohon hoto na wata ƙasa a ce na jiya ne, ana ma haɗa hoto da muryar mutum da na'ura alhali bai faɗi kome ba. Wanda ya tura, shi ma ya zama mai ba da labari, kuma doka tana kallonsa. Nijar ta yi dokar laifukan intanet cikin 2019. Cikin watan Yuni na 2024 aka mai do da hukuncin ɗauri ga wanda ya ɓata sunan wani, ko ya yaɗa abin da zai ta da hankalin jama'a ta wannan hanya.

Aikin gwaji

Ga irin tambayoyin da ɗalibi zai iya gamuwa da su. A amsa da rubutu, ba da baki ba.

Gidan radiyo iri nawa ne a Nijar in aka duba masu su? Daga ina kowane ke samun kuɗi?

Daga buɗe Radiyo Nijar zuwa buɗe radiyo mai zaman kansa na farko, shekara nawa ke nan?

A rubuta abu huɗu da a da kowane ke da hanyarsa, yau suna cikin salula.

Wani manomi yana sa kati na dala 40 kowace ranar kasuwa. Kasuwa tana ci sau 52 a shekara. Jika nawa da dala nawa ya kashe? In an samu amsa, a tambayi kuɗin tiyar gero a kasuwar garin, a lissafa tiya nawa ke nan.