Darasin Juma'a: Yaron da Aka Yi wa Ƙani



'Yan uwa, darasinmu na wannan mako a kan yaron da aka yi wa ƙani ne. Ranar suna kowa jariri yake nema, a ɗauka, a yi barka, a ajiye sabulu da 'yan kaya. Shi kuwa ɗan shekara 2 da jiya-jiya yake bayan uwarsa, yana raɓe a bakin ƙofa, ba mai ce masa kanzil.

A gida Arewa abin da sauƙi. In an tashi yaye sai a kai shi wurin kaka, mai jego ma ta tafi wankan gida har ta yi arba'in. Mu nan Legas fa? Ɗaki ɗaya ne, kaka tana Katsina ko Sakkwato, maigida ya fita kasuwa tun asuba. Uwa ita kaɗai, ga ɗanyen jego, ga mai rigima.

Ni kaina na yi kuskure a nan. Bara da aka yi mana haihuwa, yarona ya mintsini jaririyar, na kai masa mari. Cikin dare ya yi fitsarin kwance, abin da ya daɗe da bari. Sai daga baya na gane ba mugunta ba ce, kishi ne. Yaro bai iya cewa "an ƙwace mini uwa" ba, shi ya sa za ka ga ya koma neman nono da goyo da kukan banza.

Wannan ba sabon abu ba ne. An haifi Sayyidina Hasan a shekara ta 3 bayan Hijira, Sayyidina Husaini a ta 4, wato Nana Faɗima (RA) ta yi renon biyu a tare. Suratu Yusuf kuma ta nuna mana inda kishin 'yan uwa yake kaiwa idan suka ga kamar an fi son wani. Sannan a Bukhari da Muslim, lokacin da mahaifin Nu'umanu ɗan Bashir ya yi masa kyauta shi kaɗai, Manzon Allah (SAW) ya ƙi yin shaida, ya yi umurni da adalci tsakanin 'ya'ya. In haka ne a dukiya, to ina ga cinya da fara'a?

Ga abin yi:

1. Maigida, babban rabonka ne. In ka dawo, shi za ka fara ɗauka kafin jariri. Jariri bai san wa aka fara ɗauka ba, shi kuwa ya sani.

2. Uwa, in kina shayarwa ki zaunar da shi kusa da ke. Ki aike shi ya miƙo zani, ki ce "Allah ya yi maka albarka, yayan jariri."

3. Masu zuwa barka, ku riƙo masa ko biskit na naira 100 ne. A bar tsokanar nan ta "an daina yayinka". Mu wasa muke, shi gaskiya yake ɗauka.

4. Kada a bar su su biyu a ɗaki, ko da alwala za a yi. Zai iya tura wa jariri abinci a baki ko ya ce zai ɗauke shi, duk cikin ƙauna. Tukunyar ruwan wankan jego ma a yi nesa da ita daga inda yake wasa.

5. Maƙwabta, ku ne kakanninsa a nan. Ki karɓe shi na awa biyu, mai jego ta samu ta runtsa.

Allah ya raya mana zuri'a, ya haɗa kansu, ya ba masu jego lafiya. Amin.

Sakataren Masallaci