Sabulun Aski: Na Kitse ko Na Man Itatuwa?

Ana gardama a kan ko sabulun kitsen shanu ya fi na man itatuwa kyau wajen aski. Ya kamata hakimai da malamansu su san gaskiyar al'amarin, domin su fahimtar da wanzamai.

Abin da ke sa kumfa ta yi kauri, ta daɗe bisa fata, shi ne wani maiƙo mai daskarewa. Kitse yana da shi, amma man kaɗanya ya fi, gama ya kai wajen kashi 40 cikin 100. Man kwakwa kuwa kumfarsa da sauri take tashi, amma yakan busar da fata.

Saboda haka gwanintar haɗi ita ce abin dubawa. In ruwan toka ya yi yawa, sabulu zai ci fuska, ko da na kitse ne. Lalle a gwada shi a bayan hannu tukuna.