Ƙarar Giyar DCT da Sanyin Safiya: Yadda Wayar Hannu Za Ta Taimaka wa Mai Mota Ya Gano Matsalar

Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, idan hunturu ya kankama a arewacin Jihar Katsina, sanyin asuba a Daddara da Jibiya kan sauko har kusan digiri 12 ko 13. A irin wannan safiya ce wasu masu motocin zamani ke tayar da injin su ji abin da ba su saba ji ba: karkarwar ƙarfe daga ƙarƙashin mota, ko wani gurnani, ko fizga idan aka sa giya. Bayan minti biyar ko goma sai ƙarar ta ɓace.

A nan ake yin kuskure iri biyu. Wani ya tsorata ya kai wa bakanike, a sauke giyabos lafiyayye, kuɗi su tafi a banza. Wani kuma ya share, har ranar da motar za ta ƙi tafiya a kan hanyar Katsina zuwa Jibiya, hanyar da babu mai son motarsa ta mace masa a kanta da yamma. Wannan darasi zai nuna yadda mai mota zai rarrabe ƙarar da ba ta da illa da wadda ke gargaɗi, ta amfani da wayar da ke aljihunsa.

Mece ce giyar DCT?

A zahiri motar DCT kamar atomatik take, domin babu fedar kuloci a ƙafar direba. Amma a cikinta giyar manuwal ce guda biyu da aka haɗe a gida ɗaya, kowace da kulocinta. Kuloci na farko yana riƙe da giya ta 1 da 3 da 5, da ta 7 idan akwai. Na biyu yana riƙe da ta 2 da 4 da 6. Yayin da mota ke tafiya a giya ta 3, kwamfutar giyar ta riga ta shirya ta 4 tana jira, shi ya sa canjin ke da sauri kuma ake samun sauƙin shan mai.

Kamfanin Porsche ya gwada fasahar a motocin tsere a shekarun 1980, sannan Volkswagen ya fito da ita kasuwa a 2003 cikin Golf R32 da sunan DSG. A yau ana samunta a wasu motocin Beljiyam da matasa ke so: Ford Focus daga 2012 da Fiesta daga 2011 ƙirar Amurka, Hyundai Tucson ta 2016 mai injin 1.6 da tabo, Veloster, Golf, Passat, da Mercedes CLA da GLA. Mutane da dama sun sayi irin waɗannan motoci a matsayin atomatik ta gargajiya, ba su san DCT ba ce.

Kafin komai, mai mota ya san wace iri ce tasa, domin iri biyu ne. Akwai mai jiƙaƙƙen kuloci, wanda ke aiki cikin mai, kamar DQ250 ta Volkswagen mai giya 6 da 7G-DCT ta Mercedes. Akwai kuma mai busasshen kuloci, wanda mai bai kamata ya taɓa shi ba sam, kamar DQ200 mai giya 7, da PowerShift ta Focus da Fiesta, da ta Tucson ɗin 2016. Littafin motar ko bincike a intanet da ƙirarta da shekararta zai bayyana wannan.

Me sanyi ke yi mata?

Abu uku ke faruwa a lokaci guda. Na farko, man giya na yin kauri idan ya kwana cikin sanyi. A jiƙaƙƙen kuloci, mai mai kauri yana sa faifan kulocin su ɗan manne da juna, sai a ji 'yar fizga lokacin da aka sa D ko ribas. Na biyu, kwamfutar injin kan ɗaga silo sama da 1,000 da safe don injin da salansa su yi saurin ɗumi, kuma bugun injin mai sanyi ba ya daidaita sosai. Wannan girgiza na bi ta filawil, wato faifan ƙarfe mai nauyi da ke tsakanin injin da giyabos, ta isa ga haƙoran giyar da ke juyawa babu lodi, su riƙa kaɗa juna. Na uku, batir na raguwa da ƙarfi cikin sanyi, alhali DCT na dogaro da lantarki wajen sarrafa canjin giya.

Ƙarar da ba ta da illa

Idan aka buɗe ƙofa ko aka murɗa makulli, kafin injin ya tashi, aka ji ɗan gurnani na 'yan daƙiƙu, wannan aikin giyar ne. A DQ200 famfon lantarki ne ke tara matsin mai. A PowerShift kuwa ƙananan injinan lantarki ne ke daidaita kansu, shi ya sa ake jin ƙas-ƙas. Haka nan ɗan tik-tik mai sauri daga saman injin TSI ko GDI ba daga giya yake ba, daga famfon fetur da nozul yake. Karkarwa mara ƙarfi a silo, wadda ke raguwa yayin da injin ke ɗumi kuma ba ta ƙaruwa daga mako zuwa mako, ita ma yawanci halin giyar ce.

Gwaji na farko: ɗaukar sauti

Babbar wahalar irin wannan ƙara ita ce kafin a kai motar Katsina ta riga ta yi zafi ta yi shiru, bakanike ba zai ji komai ba. Maganin wannan shi ne bidiyo. A bar motar ta kwana, da safe a ja birkin hannu, a kunna kyamarar waya tun kafin a murɗa makulli. A ɗauki dashbod yadda allurar juyin injin za ta fito, sannan a ɗauki sautin daga wuri uku: gaban injin, gefen da giyabos yake, da ƙarƙashin mota ta bayan tayar gaba. A kula da hannun riga da wayar caja, kada su kusanci fanka ko bel. Manhaja irin Spectroid tana zana sautin a fuskar waya, yadda za a iya kwatanta na yau da na mako mai zuwa.

Ana cikin ɗauka, a yi waɗannan gwaje-gwaje a jere:

1. A ƙirga daƙiƙun da ƙarar ta ɗauka. Ƙarar sarƙa ta daƙiƙa 1 zuwa 3 da zarar injin ya tashi, musamman a tsofaffin injinan TSI, alama ce ta sarƙar tayimin, ba giya ba. Wannan ba abin jinkiri ba ne, domin idan sarƙar ta yi tsalle injin ne zai lalace.

2. A taka birki sosai, a cire daga P zuwa D, sannan ribas. Idan ƙarar ta canza ko ta ɓace, matsalar tana ɓangaren filawil, kuloci ko giyabos. Idan ba ta canza ba, a nemi dalili a injin, bel, ko wani falle da ya saki a jikin salansa.

3. A P, a ɗan taɓa totur zuwa 1,500. Kaɗawar haƙoran giya kan ɓace a nan. Kukan boris kuwa yakan ƙaru tare da juyin injin.

4. A kashe injin a saurara. Ƙwanƙwasa mai ƙarfi a daidai lokacin mutuwar injin, tare da irinta a lokacin tayarwa, tana nuna filawil mai hawa biyu ya gaji. A cikinsa akwai sifirin da giris, kuma idan sun saki ƙarar kan fara bayyana da sanyi kafin ta zama ta kullum.

5. A kan hanya, a lura da giyar da ƙarar ko rawar ke zuwa. Idan a 1 da 3 da 5 kaɗai ce, ko a 2 da 4 da 6 kaɗai, an gano wane kuloci ko wane ɓangare ne ke ciwo. Wannan bayani kaɗai na iya rage wa bakanike rabin aiki.

Gwaji na biyu: tambayar kwamfutar mota

Duk motar da aka ƙera don kasuwar Amurka daga 1996, da motocin fetur na Turai daga 2001, suna da soket ɗin OBD2 mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari. Ana soka masa ƙaramar na'ura irin ELM327 mai Bluetooth, a haɗa ta da manhajar Torque ko Car Scanner. Ga Ford, FORScan ta fi shiga cikin kwamfutar giya. Ga Volkswagen da Audi akwai OBDeleven mai na'urarta ta musamman. Na'urori masu arha sau da yawa injin kaɗai suke karantawa, don haka rashin ganin lamba ba ya nufin giyar lafiya lau take.

A fara da batir. Kafin a tayar da injin, cikakken batir yana nuna kusan bolt 12.6. Idan ya sauka zuwa 12.2, rabin caji ke gare shi. Idan injin na aiki ya kamata a ga tsakanin 13.5 da 14.7. Batir mai rauni ko wayar at da ta yi tsatsa na iya rikita kwamfutar giya har a ɗauka giyabos ne ya lalace.

Daga nan sai lambobin matsala. P0700 na nufin kwamfutar giya ta ajiye ƙorafi, sai a shiga cikinta a karanta. U0101 na nufin sadarwa da kwamfutar giya ta yanke, kuma sanannen ciwo ne a Focus da Fiesta. P17BF da P189C a DQ200 suna nuna famfo na fama da tara matsin mai. P0300 injin ne ke tsallake wuta, sau da yawa saboda filogi ko koyil, kuma girgizarsa na sa giya lafiyayya ta yi ƙara. P0016 kuma yana nuni ga tayimin. A ɗauki hoton kowace lamba kafin a goge ta, domin gogewa ba gyara ba ce.

Gwaji na uku: lambar shasi

Wasu matsalolin kamfanonin da kansu sun amince da su. A ƙarshen 2013 Volkswagen ya janye kusan motoci miliyan 1.6 masu DQ200 don canza musu irin mai. A 2016 Hyundai ya janye sama da Tucson 41,000 a Amurka don sabunta manhajar giya, saboda motar kan ƙi motsawa idan aka taka totur cikin zafi. Ford kuma ya tsawaita garantin kwamfutar PowerShift zuwa shekara 10. Idan motar ƙirar Amurka ce, a rubuta lambar shasi mai haruffa 17 a shafin hukumar NHTSA, za a ga ko akwai gyaran kamfani da ba a yi mata ba kafin ta baro can.

Lokacin da za a ajiye motar

Ba a ci gaba da tafiya idan alamar giya ko sifana na ƙyaftawa a dashbod, ko motar ta koma firi da kanta tana cikin gudu, ko ribas ya ƙi shiga. Haka nan idan ana jin ƙaurin kuloci, ko mai na ɗiga daga mahaɗar injin da giyabos, ko ƙarar ta daina ɓacewa bayan injin ya yi zafi. A tura wa bakanike bidiyon da hoton lambobin ta WhatsApp kafin a ɗauki hanya, a kuma tambaye shi ko yana da na'urar da ke sake koya wa kwamfuta sabon kuloci. Duk wanda ya canza kulocin DCT bai yi wannan saiti ba, aikin bai kammala ba.

Abin da ke tsawaita ranta

Kada a yarda a zuba mata man atomatik na gargajiya. DCT na da man da aka keɓe mata, kuma kowace ƙira da lambar man da kamfani ya rubuta. Ko a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano za a saya, a tafi da lambar a waya a gwada da ta jikin galan. DQ250 na buƙatar sabon mai da filta duk bayan kilomita 60,000.

Da safe ba a buƙatar dogon ɗumama mota ko buga totur. Minti ɗaya ya isa, sai a tafi a hankali, domin man giya da tafiya yake ɗumi.

Babban abokin gabar busasshen kuloci a wannan yanki ba sanyi ba ne, jan ciki ne a layin shingayen bincike da ke tsakanin Katsina da Daddara har zuwa kan iyaka a Magama. Duk lokacin da direba ya saki birki rabi yana bin motar gabansa taku-taku, kulocin na gogawa yana ɗaukar zafi. Dabarar ita ce a taka birki gaba ɗaya, a bari tazara ta buɗe, sannan a matsa a tafi ɗaya. Kulocin da aka ƙona da rana a kan layi, shi ne ke rawa da ƙara washegari da asuba.