Sitanto, Mai Muryar Mutum Hamsin

Jikana, tun da Allah ya ba ka murya mai amo, zauna in ba ka labarin wani da ya fi ka.

Turawan Ingila suna da kalmar "stentorian", wadda suke siffanta kakkausar murya mai cika kunne da ita. Ta shiga harshensu a farkon ƙarni na 17, amma tushenta a Girka yake, daga sunan Sitanto, mai shelar rundunar Girkawa a yaƙin birnin Taroi. Mawaƙi Homa ne ya ambace shi a kashi na 5 na waƙarsa Iliyad, inda ya kwatanta muryarsa da tagulla, ƙarfinta kuma da na mutum 50. Sau ɗaya tak sunansa ya fito a duk tsawon waƙar, kuma ko a nan ba shi ke magana ba: Hera ce, ɗaya daga cikin ababen bautarsu, ta rikiɗa zuwa siffarsa don ta zaburar da mayaƙa. Daga baya masu ba da labari suka ce gasar ihu ya shiga da Hamis, manzon allolinsu, ya sha kaye, ya mutu. Baki shi kan yanka wuya.

To, ka lura: duniya ta riƙe ƙarar mutumin nan, amma babu wata maganarsa da waƙar ta adana.

Yanzu dubi Abbas, baffan Manzon Allah (SAW), shi ma mai ƙarfin murya. Ranar Hunaini, shekara ta 8 bayan hijira, Hawazinawa suka yi wa Musulmi kwanton ɓauna a cikin kwari, runduna ta watse. Aka umarci Abbas ya kira waɗanda suka yi mubaya'a ƙarƙashin itaciya. Ya ƙwala kira, suka juyo suna amsawa, yaƙi ya sake salo. Umarni ya bi, kuma lokacin ya dace.

Saboda haka ban ce ka shaƙe muryarka ba. In gobara ta tashi, ko yaro ya nufi bakin rijiya, sake ta gaba ɗaya. Amma a zaure gaban manya, ko in ku da maiɗakinka kun saɓa, sassauta, kamar yadda Luƙmanu ya hori ɗansa. Wanda ka daka wa tsawa zafin kawai yake tafiya da shi, hujjarka kuwa a nan yake barinta. Kafin ka ɗaga murya, tambayi kanka ko nisa ne ya hana a ji ka, ko kuwa fushi ne ke neman mafita.

Allah ya yi maka albarka.