Darasin lissafi: lambar 10.080

Darasin wannan mako a kan lamba ɗaya yake: 10.080. Ana karanta ta dubu goma da tamanin. Ita ce yawan mintocin da ke cikin mako guda. Awa ɗaya minti 60 ce, kwana ɗaya awa 24, mako kwana 7. In aka yi 60 sau 24 a samu 1.440. In aka yi 1.440 sau 7 a samu 10.080.

Yadda ake karanta ta

Lambar tana da gida biyar. Daga dama ake farawa. Gidan ɗaiɗai 0, gidan gomomi 8, gidan ɗaruruwa 0, gidan dubbai 0, gidan dubu goma-goma 1. Ɗigon da ke tsakiya yana ware dubbai ne kawai. Sifiri shi ke tsare gidan da ba kowa. Wanda ya manta sifiri ɗaya ya rubuta 1.080, ya yi asarar dubu tara.

In kuɗi ne aka rubuta 10.080 F a takarda, sai a raba da 5 don a san dala nawa ne. Dala 2.016 ke nan, wato jikka goma da dala goma sha shida.

Cika ko mara

Lambar da ta ƙare da 0, 2, 4, 6 ko 8 cika ce, tana rabuwa biyu ba saura. Sauran duk mara ne. 10.080 cika ce, rabinta 5.040.

Gane rabo tun kafin a raba

Lambar da ta ƙare da 0 ko 5 tana rabuwa biyar. Don a san ko tana rabuwa uku ko tara, sai a tara lambobin gidajenta: 1+0+0+8+0 = 9. Tara na rabuwa uku, tana rabuwa tara. To, 10.080 ma haka take.

A ce ƴan ƙungiya sun tara kilo 10.080 na hatsi a rumbun tsimi. In unguwa 3 za su raba, kowace ta samu kilo 3.360. In 7 ne, 1.440. In 8 ne, 1.260. In 9 ne, 1.120. Daga 1 har 10 ba inda za a bar saura. Amma in unguwa 11 ne, kowace ta samu 916, kilo 4 ya rage. Gara a yanke shawara a kan wannan saura tun kafin a buɗe rumbu, don kada a yi gardama.

Lambobi 72 ne ke raba 10.080 daidai. Duk lambobin da ke ƙasa da ita, ba wadda ta kai ta yawan masu raba ta.

Maƙwabciyarta

A cire ɗaya tak, a samu 10.079. Wannan ba ta rabuwa da kowace lamba, sai da 1 da ita kanta. Irinta su ne 2, 3, 5, 7, 11, 13. Da irin waɗannan ake gina sauran lambobi, kamar yadda ake gina ɗaki da tubali: 2×2×2×2×2×3×3×5×7 = 10.080.

Aikin yi a allo

1. A raba kilo 10.080 tsakanin gida 12.
2. Awa nawa ke cikin mako guda?
3. 7.245 cika ce ko mara? Tana rabuwa tara?

Wanda ya gama ya nuna wa malamin aji.