Gayyar Masu Bi Bayan Ruwa da Iska

Ɗan'uwa mai karatu, ka taɓa kwana a tsaye da fitila a hannu, kana duban garun ɗakinka yana shan ruwa? In kai mutumin Magariya ne, ko Dungas, ko Wacha, ko Bande, ba sai an yi maka bayani ba. Hadari yakan haɗo daga gabas da la'asar. Iska ta riga shi isowa da jar ƙura, ta yaye kwano, ta ɗauke jinkar rumbu. Sa'an nan ruwa ya sauko. Manomi yana murna domin geronsa, amma zuciyarsa tana wajen katangar da bai yaɓe ba tun bara. Ƙasarmu ta koramai ce, ruwa yana kusa da bisa. In tafki ya cika, ba ya neman izinin kowa kafin ya shiga gari.

Ka tuna da damanar 2024. A ƙasar Nijar mutum fiye da 300 suka rasu saboda ruwan, waɗanda abin ya shafa kuwa sun wuce miliyan ɗaya. Jihohin Maraɗi da Damagaram suna cikin waɗanda suka fi shan wuya. A ran 3 ga Satumba tsohon masallacin nan na unguwar Birni a Damagaram, wanda aka gina da ƙasa tun tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe. Gwamnati ta ɗage komawa makaranta har 28 ga Oktoba, gama a wurare da yawa mutanen da gidajensu suka faɗi suna kwance cikin azuzuwa. Da gari ya waye bayan irin wannan dare, mene ne aikin ikilisiya? Abin da za mu bincika ke nan.

Bari mu fara leƙa nesa kaɗan. Masana yanayi sun ce hadarin da ke ratsa mu daga gabas ba a nan yake ƙarewa ba. Yakan yi ta tafiya yamma har ya fita teku ta wajen Senegal. In ya tarar da ruwan teku da ɗumi, wani lokaci sai ya ƙara ƙarfi, ya shiga juyawa, ya zama mahaukaciyar guguwa mai gudun kilomita 119 ko fiye a awa guda. Da yawa cikin manyan guguwoyin da ke auka wa Amurka haka suka faro. Ashe iskarmu da tasu dangi ne.

A watan Agusta na 2005 guguwar da aka sa wa suna Katrina ta auka wa birnin New Orleans. Ruwa ya ci wajen kashi 80 cikin 100 na birnin, mutum fiye da 1,300 suka mutu. A Satumba na 2024, lokacin da muke namu kukan, wata mai suna Helene ta kashe fiye da 200 a can. Masu bi na ikilisiyoyi dabam dabam sukan ɗauki hutu daga wurin aikinsu, su tafi mako guda, su kwana a ƙasa cikin majami'u. Waɗansu suna dafa abinci, waɗansu suna kwashe laka daga ɗakuna da shebur, waɗansu suna sare itatuwan da suka faɗa wa gidaje. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne, ba ranar masifa suka fara shiri ba. Ikilisiyar Menonayit ta soma nata tsarin tun 1950 a jihar Kansas, Baftis na kudancin ƙasar kuma tun 1967, bayan wata guguwa a Texas. Bayan Katrina sun yi shekaru suna gini, lokacin da masu ɗaukar hoto suka daɗe da watsewa.

Kada ka ce, “Ai su masu kuɗi ne.” Mu ma muna da abin da kakanninmu suka bar mana, wato gayya. Tun ba a san ƙungiyoyin agaji ba, Bahaushe ya san yadda ake tara samari a nome gonar tsoho, a ɗora wa gwauruwa jinka. Abin da ya rage shi ne masu bi su riƙe gayyar nan saboda Ubangiji, su kuma yi ta da tsari.

Buɗe Littafin Nehemiya, ka karanta daga sura ta 2 zuwa ta 6. Nehemiya ya iske garun Urushalima a rushe. Bai fara da tara jama'a ba. Da dare ya fita da mutane kima, ya zaga, ya duba ɓarnar da idonsa. Mu kuwa sau da yawa mukan ruga gidan wanda ya fi kuka, mu manta da tsohuwar da ke bayan gari wadda ba ta da mai yi mata magana. Dattawa biyu da mace ɗaya daga zumuntar mata su zaga gida gida, su rubuta: wa ya rasa ɗaki, wa ya rasa rumbu, ina mai ciki, ina mai jego. Macen nan dole ce, domin akwai gidajen da namiji ba ya shiga, akwai kuma maganar da mace ba za ta faɗa wa namiji ba.

Sura ta 3 jerin sunaye ce, shi ya sa mutane sukan tsallake ta. Kada ka tsallake. A ciki za ka ga maƙeran zinariya da masu haɗa turare suna ɗaukar duwatsu, ko da yake ba sana'arsu ba ce. Za ka ga wani shugaba mai suna Shallum yana aiki tare da 'ya'yansa mata. Za ka ga manyan Tekowa da suka ƙi sa hannu, an kuwa rubuta ƙin nasu har yau ana karantawa. Mutane da dama kuma aka ba su sashen da ke daura da gidajensu. Cikin kwana 52 garu ya tsaya.

Wannan batu na gidan mutum ya kai ni ga laifina. A damanar nan ta 2024, da ɗakuna suka faɗi a unguwarmu, na yi kwana biyar ina fita da asuba, ba na dawowa sai bayan almuru. Ina jin daɗin yadda ake cewa, “Sannu da ƙoƙari, Dattijo.” A dare na biyar uwargida ta ajiye mini tuwo, ta zauna, ta ce, “Maigida, ɗakin yara yana yoyo tun shekaranjiya. Na ɗauke tabarmarsu sau uku. Autanka kuma jikinsa da zafi. Ko sai mu ma mun shiga takardar taku za a dube mu?” Ban sami abin cewa ba. Da safe na kai yaron asibiti, aka gwada, zazzaɓin sauro ne. Ciyawa kuma ta kusa cinye gonata, domin ban yi maimai ba.

Manzo Bulus ya yi magana mai zafi a kan mutumin da ba ya kula da iyalinsa, a wasiƙarsa ta fari zuwa ga Timoti, sura ta 5. Na sha karanta wa waɗansu wurin, ban taɓa zaton zai kama ni ba. Daga ranar muka raba kanmu. Kowane magidanci ya ba da kwana biyu a mako, sauran kwanakin nasa ne da gonarsa. Wanda ya fita gayya, samari su leƙa gidansa da yamma su ga ko akwai ruwa da itace. Mata suka raba girki tsakaninsu, domin kada nauyin ciyar da ma'aikata ya faɗa kan matar fasto ita kaɗai, kamar yadda muka saba yi ba tare da ko kunya ba. Aikin ya ɗan yi jinkiri, amma ba wanda ya gaji ya gudu, ba kuma gidan da aka yi faɗa saboda aikin Allah.

To, wa za a taimaka? A nan ne aka yi gardama. Mu kaɗan ne a ƙasar nan, abin hannunmu kuma kaɗan ne. Wani ɗan'uwa ya tashi ya tuna mana da Janairu na 2015, sa'ad da aka ƙone majami'u a Damagaram da Yamai. Ya ce mu fara da namu, mu ƙare da namu. Ban raina zafin zuciyarsa ba, gama ya yi hasara a lokacin. Amma a wasiƙar Galatiyawa, sura ta 6, an sa 'yan'uwa masu bi a gaba, ba a kuwa rufe ƙofa ga sauran mutane ba. Basamariyen nan na Luka sura ta 10 bai tambayi wanda aka yi wa rauni addininsa ba. Ni kuma na san a 2015 ɗin akwai Musulmin da suka ɓoye maƙwabtansu Kirista a ɗakunansu. Ruwa da ya zo bai zaɓi gida ba. Garun da ke tsakanina da maƙwabcina ɗaya ne, in ya faɗi tare muke kwana a fili.

Sai dai ka kiyaye abu guda. Kada ka mai da tiyar gero ta zama ƙugiya. Wanda ya ce wa mai yunwa, “Zo sujada tukuna, kāna ka karɓa,” ciniki yake yi. Ka yi aikin, ka gaida mai gida da ladabi, ka sanar da mai unguwa da liman kafin ku shiga. In an tambaye ka dalilin zuwanka, faɗi gaskiya a fili, kada ka ji tsoro. In ba a tambaya ba, ci gaba da kwaɓa ƙasarka.

Ruwa yakan janye, ciwo ya biyo sawunsa. Salga ta cika ta malala cikin rijiya, sai amai da gudawa. Ba mu manta da kwalarar 2021 ba, wadda ta taɓa jihohin Maraɗi da Damagaram. Sauro kuma yana haihuwa cikin kowane kududdufi. A damanar 2018 ƙungiyar likitoci ta MSF ta ba da labarin yara fiye da 700 kwance a asibitin Magariya lokaci guda, galibinsu saboda zazzaɓin sauro da tamowa. Saboda haka mai gayya ya san waɗannan. A tafasa ruwan sha, ko a sa masa ƙwayar tsabtace ruwa. A wanke hannu da sabulu. Mai gudawa a ba shi ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, yana sha ana kan hanyar asibiti. Iyalin da ke kwana a aji ko a rumfa, gidan sauro ya fi musu sabuwar riga amfani. Kada kuma a bar yara su yi wasa gindin garun da ya jiƙa, gama yakan faɗi bayan rana ta fito.

Akwai wata ɓarna da ba a gani da ido, tana cikin Nehemiya sura ta 5. Ana tsakiyar gini talakawa suka kawo kuka, sun jinginar da gonakinsu domin su sayi hatsi, masu karɓar jinginar kuwa 'yan'uwansu ne. Nehemiya ya tsawata wa manyan a gaban jama'a, ya sa suka mayar. Ɗan'uwa, in kana da rumbu biyu, ka binciki kanka a nan. Mutum yana iya ɗaukar tubali da safe a gidan wanda ruwa ya ci, da yamma ya ba shi buhu ɗaya a kan zai biya biyu da kaka, ko ya karɓe masa fadamar rake da kuɗin da bai kai rabin darajarta ba. Na ga an yi haka tsakanin masu cin Jibin Ubangiji a teburi guda. Dattawan ikilisiya su kira irin wannan mutum su yi masa magana, ko da shi ne ya fi kowa baiko.

Masu bi na Antakiya, a Ayyukan Manzanni sura ta 11, sun tara gudunmawa tun da aka faɗa musu yunwa tana zuwa, kowa gwargwadon ƙarfinsa, suka aika ta hannun Barnaba da Shawulu. Mu ba ma bukatar annabi ya gaya mana damana za ta dawo. Da kaka, kowane gida ya kawo tiya ɗaya ko biyu a zuba a rumbun ikilisiya, mutum biyu su riƙe lissafi, a karanta shi a gaban jama'a. Da rani a buga tubali, a ajiye azara da ledar rufi. A watan Afrilu ko Mayu, kafin ruwan fari, samari su zaga gidajen tsofaffi da gwauraye, na masu bi da na maƙwabta, su yi yaɓe, su gyara indararo, su buɗe magudanar da yashi ya toshe, su ƙara wa kwanon da ya saki ƙusa.